Layar da Ya'u Baduku Ya Ɗinka wa Sadiya

A kasuwar Baure, in ka tambayi mai ɗinka kube ko laya, rumfar Ya'u Baduku za a nuna maka. Ni maƙwabcinsa ne, shekara ashirin muna tare, kuma ban taɓa ganin mai kafiya irinsa ba. Da aka ƙaddamar da shari'a, wa'azi ya yi zafi a kan laya, ciniki ya ja baya, ya koma ɗinkin takalma yana gunaguni.

Wata damina 'yarsa Sadiya, matar aure mai 'ya'ya biyu, ta kwanta da zazzaɓi. Mijinta ya sayo mata ƙwayoyi a kemis. Ta yi mako tana sha, sai ƙuraje suka feso mata, leɓɓa suka kumbura, idanu suka yi jawur. Surukarta, Iya Shatu, ta ce, "Alhamdu lillahi, ciwon ne ke fitowa. A ci gaba da ba ta, kar ya koma ciki." Haka muka gada, in ƙurji ya fito, sauƙi ya kusa.

Ya'u ya je dubiya. Ya kama hannun 'yarsa, ya ɗan murza da babban yatsa, sai fatar ta saluɓe. Ya gaya mini a lokacin ya tabbata mutuwa ce ke tafe.

"Iya," ya ce, "shekara arba'in ina taɓa fata. Ba ta zamewa haka sai in ta kwana cikin toka a majema. Maganin nan ne ke cin ta."

"Yau kuma baduku ne likita?" in ji Iya Shatu.

Ya ajiye kunyar surukai, ya jefa sauran ƙwayoyin da kwalinsu a aljihu, ya ɗauko shatar mota ya sa ta a ciki, sai asibiti a Daura. Likita ya duba kwalin, ya ce jininta ne bai haɗu da maganin ba, da an ƙara kwana biyu da sai dai gaisuwa. Mako uku tana kwance a naɗe kamar mai ƙuna kafin ta tashi. Ranar sallama likita ya ce in ta sake sha, ko bayan shekara goma, kashe ta zai yi.

To, Sadiya ba ta yi boko ba, sunan maganin kuma ko ni karya mini harshe yake. Sai Ya'u ya naɗe kwalin, ya ɗinka masa jar laya mai bakin buɗewa, ya rataya mata a wuya.

Bayan shekara biyu zazzaɓi ya dawo. Ina zaune a kemis Sadiya ta shigo, mai shagon, wani ustazu, ya miƙo mata ƙwayoyi. Ta ciro layar ta ɗora a kan tebur.

"A'uzu billahi! Baiwar Allah, har yanzu laya?"

"Buɗe dai, Malam."

Ya buɗe yana yatsina fuska, ya karanta, ya dubi abin da ke hannunsa. Maganin ne, kwali kawai aka sauya. Ya janye hannu da sauri kamar ya taɓa garwashi, ya kawo mata wani.

Na ji daɗi har raina, na ruga na ba Ya'u labari. Ko ɗago kai bai yi ba. Washegari sai ga ustazun a rumfa, riƙe da wani kwali, yana sosa ƙeya. Wai mahaifiyarsa ma akwai allurar da ba ta yi mata, ko Baba Ya'u zai taimaka ya ɗinka mata guda.