Ƙwan Zabin Inna

Shekara talatin na yi ina koyar da kimiyya a makarantun Birnin Kudu, kuma babu abin da ya cinye mini alli kamar juya awon zafi daga Selsiyos zuwa Faranhait. Ka ninka da tara, ka raba da biyar, ka ƙara talatin da biyu. Na faɗa har muryata ta dishe. Yara su haddace, su rubuta jarrabawa, su manta tun kafin su kai bakin titi.

Da na ajiye aiki na koma gida Surko, zaman banza ya ishe ni, sai na sayi wani tsohon akwatin ƙyanƙyasa mai fitilar kananzir. Ma'aunin zafin da ke jikinsa na Faranhait ne, amma ko a jikina, ai sana'ata ce. Ƙwai na son talatin da bakwai da rabi a Selsiyos. Na buga a ka, casa'in da tara da rabi ke nan, na riƙa tsayar da allurar ma'aunin gab da ɗari.

A daminar farko wata dattijuwar Bafulatana mai kawo mana nono, wadda duk gidan muke kira Inna, ta zo da ƙwarya cike da ƙwan zabi. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, shi ya sa ake rarraba wa kaji ƙwan su kwanta a kai. Shanun rugarsu na 'ya'yanta ne, zabin nan su kaɗai ne nata na kanta.

Ta ce, "Malam, an ce akwatinka ya fi kaza."

Na ce, "Inna, kaza nawa ma." Haka na faɗa, da fankama, har yau ina jin kunyar maganar. Ta juye mini ƙwan shekarar gaba ɗaya, ba ta rage ko guda ba.

Ƙwan na da kwana goma sha biyu a ciki aka yi mini rasuwar aboki a Fagam. Kafin in tafi ta'aziyya na ce wa mai ɗakina ta riƙa zuba kananzir tana juya ƙwan safe da yamma. Batun allura ban ce mata komai ba. A raina, ina ruwan wadda ba ta taɓa shiga aji ba da allura?

Kwana uku na yi. Na dawo a gajiye na tarar da fitila a kashe, ƙofar akwatin a wangale, an shimfiɗa wa ƙwan jiƙaƙƙen tsumma. Na taɓa ɗaya, sanyi ƙalau.

Mai ɗakina ta tare ni fuska a sake. "Allah ne ya taimaka na leƙa, Malam. Kana fita allurar ta hau ɗari. Da yanzu dafaffen ƙwai za ka ba Inna."

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Shekara talatin ina tankaɗe a tsakar gida kana maimaita wa yaran da ke biyo ka gida cewa ruwa na tafasa a ɗari. Yaushe ka taɓa ce mini awon iri biyu ne?"

Ban taɓa ba. Ɗari a wannan ma'aunin zafin jikin kaza ne kawai, ruwa sai ya haura ɗari biyu da goma zai tafasa. Magana ce ta minti ɗaya.

Na sake kunna fitilar, na ƙarasa kwanakin duk da na san abin da zan gani. Ko ɗan zabo ɗaya bai fito ba.

Ni da kaina na kai wa Inna ƙwaryarta, na ce laifina ne. Ta juya ta, ta kaɗe ƙura, ta ce Allah bai nufa ba, baɗi za ta nemi kaji. Da ma ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Da yamma na ɗauko gawayi na zauna kusa da mai ɗakina, na fara rubuta tara da biyar a ƙasa. Ta dubi rubutun, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

"Bar shi, Malam," ta ce. "Lokacin da nake so in sani, ba ka waiwayo ba."