Dangin Safiya na Cikin Ruwa

Mu a gidanmu ba don tatsuniya ake hura wuta ba, don kifi ake hura ta. Kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Iya, bandar tarwaɗa take yi a tsakar gidan da muke haya, can bayan kasuwar kifi ta Kado. Da la'asar Baba zai kawo mata kifin da ya yi masa kwantai a kasuwa, ta wanke da gishiri, ta lanƙwasa kowanne ta soke shi da tsinke, ta jera a kan waya bisa rabin ganga. Ana sallame magariba mu da 'ya'yan maƙwabta mun zagaye ta, idanu na ta hawaye saboda hayaƙi, kowa na jiran kan kifin da ya ƙone.

Ni ce 'yar gaban goshinta. Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa ke kirana Ummi, ita kuwa takwara take ce mini. Kusa da gwiwarta wurina ne, ba mai zama. Na so Iya ƙwarai, har yau in na ji ƙamshin banda sai kewarta ta kama ni. Amma ba zan yi mata kwaskwarima don ta rasu ba. Iya tana da baki, kuma ta san daidai inda ke yi wa mutum zafi.

Ƙanwata Safiya tana da sikila. Idanunta rawaya, jikinta ba auki, in damina ta kankama ko sanyi ya sauko sai ta kwanta tana murƙususu, tana cewa ana sassara mata ƙashi. Kafin ita an yi wani yaro, Aliyu, irin ciwon ne ya tafi da shi yana shekara uku. Iya ta riga ta yanke hukunci cewa Umma, mahaifiyarmu, ce ta shigo musu da abin, tunda a cewarta danginsu ƙarfafa ne, masunta tun kaka da kakanni. Ba ta taɓa faɗa wa Umma ido da ido ba. Tatsuniya take sakawa a ciki.

“Ga ta nan, mai kunne ya matso,” in ji ta.

“Mun matso, Iya!”

Wai wani masunci ne ya ga kyakkyawar mace zaune a bakin gulbi, bai tambayi asalinta ba, ya aure ta. Ashe 'yar ruwa ce. Duk ɗan da ta haifa ba na gidan ba ne, aro aka ba su. Da ruwan sama ya sauka sai danginsa na ƙarƙashin gulbi su miƙo hannu su riƙa jan sa ta ƙashi, suna cewa dawo gida, dawo gida. Iya takan rera wannan wurin da siririyar murya, mu kuma mu amsa da tafi. Masunci ya sayar da komarsa, ya sayar da kwalekwalensa wajen neman magani, gida ya tsiyace. Daga ƙarshe wata tsohuwa mai hankali ta ce ya kai yaron bakin ruwa ya ajiye, ya juyo, kada ya waiga. Ya yi hakan. Tun daga ranar kifi ya dawo masa.

“Ƙurunƙus kan tarwaɗa,” sai ta miƙo mini kan.

Ba sau ɗaya ta yi mana ita ba, kuma ta fi yin ta a lokacin da Baba ya dawo daga asibiti aljihu wayam. Umma tana ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa, kanta a ƙasa, don matar ɗa ba ta mayar wa uwar miji magana. Wata rana, Safiya na shekara bakwai, tana lulluɓe da zanin Umma nesa da hayaƙin, ta ɗago ta ce, “Iya, ni ma za a kai ni bakin ruwa?”

Iya ba ta ko daina juya kifi ba. “Ke ai ba sai an kai ki ba. Kin san hanya.”

Yara suka fashe da dariya. Ni na fi kowa ƙarfin dariya, don in faranta wa Iya. Bayan wannan, duk motar da za ta bi ta gefen tafkin Jabi, Safiya sai ta rufe ido ta ƙanƙame hannun Umma har a wuce. Na ga hakan, kuma na riƙa tsokanarta da shi.

Ina aji biyar a sakandare muka zo kan darasin ƙwayoyin halitta. Malamarmu wata Bayarabiya ce mai son a gane, in Turanci ya ƙi shiga sai ta juya Hausarta ta Abuja. Ta ce jikin mutum gaba ɗaya tarin 'yan ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma jajayen da ke cikin jini su ke dakon iskar da muke shaƙa zuwa ko'ina. Ta ajiye gilasai biyu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, muka bi layi.

“Ummi, zo ka duba. Wannan lafiya lau ne, ya yi zagaye, yana da laushi, zai wuce ƙaramin jijiya babu wahala. To duba wancan.”

Na duba. Wasu sun lanƙwashe kamar lauje. Ta ce in sanyi ya yi yawa, ko ruwa ya yi ƙaranci a jiki, sai su sandare su cushe hanya, jini ya kasa wucewa, shi ne zafin. Na daɗe ban ɗago ba. Shekara da shekaru ina jin kukan Safiya, sai ranar na ga abin da ke sa ta kuka.

Sannan ta zana gida huɗu a allo. Ta ce yaro ba ya samun sikila daga mutum ɗaya. Sai uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi. “Mama AS, Baba AS, shi ne SS zai iya fitowa. Mutum ɗaya ba zai iya ba, ko ya so.”

Ina ma a ce tausayi ne ya raka ni gida. Murna ce. Na samu sandar da zan bugi Iya, domin zuwa lokacin na yi wayo, na fara jin kunyar Umma, kuma ina neman wanda zan ɗora wa laifin dariyar da na yi.

Na jira har aka taru a gaban ganga, Baba ma yana nan yana alwala. Iya na buɗe baki na tare ta. Na ɗauki gawayi na zana gida huɗun nan a ƙasa. Na ce ba 'yar ruwa, ba jan ƙashi, ƙwayoyin jini ne. Na ce rabin ciwon daga Umma ne, rabin kuwa daga Baba, ɗan Iya, shi kuma bai tsinto shi a kasuwa ba, ko daga ita ne ko daga mijinta. Na ga fuskar Iya ta canza, sai daɗi ya ɗebe ni, na kasa tsayawa.

“Jahilci ne kawai,” na ce. “Malama ta ce da an yi gwaji tun farko, irin su Baba da Umma ba za a bari su yi aure ba sam. Da duk wannan wahalar ba a yi ta ba.”

Baba ya ajiye buta. Safiya, wadda ta kai sha biyu a lokacin, ta matso tana kallon zanen, ta sa yatsa a gidan ƙarshe, inda na rubuta SS.

“Yaya, wannan ni ce?”

Na ce eh.

“Wato da sun yi karatu, da ba a haife ni ba.”

Ta ɗauke yatsanta daga zanen. Ta ce, ba da kuka ba, kamar mai lissafi, “A tatsuniyar Iya ko ba komai ina da dangi masu nemana.” Ta shige ɗaki.

Iya ta juya kifinta ɗaya bayan ɗaya, a natse. Sannan ta dube ni ta ce, “To, takwara. Ni dai ban taɓa cewa kada a haife ta ba.”

Ba ta sake yin tatsuniyar ba har ta koma ga Allah, kuma ba wanda ya gode mini, har ita Umma.

Yanzu ni ke koyar da wannan darasi a wata makaranta a Mararaba. Abin da malamata ta faɗa gaskiya ne, ina faɗa wa ɗalibaina, ina kuma ce musu su yi gwaji kafin soyayya ta yi nisa. Sai dai kafin in zana gida huɗun ina duba fuskokinsu, don a kowane aji akwai mai zaune a gidan ƙarshe, ko mai ƙani a ciki. Na daɗe ina zaton bambancina da Iya shi ne ita tana da tatsuniya ni ina da ilimi. Ashe dukanmu mun ɗauki abin da muka sani ne don mu ci wani da shi, kuma sau biyun duk a kan yarinya ɗaya ya sauka.

Safiya tana nan da ranta, tana ɗinki, ta fi ni fara'a. Ba mu taɓa tayar da maganar ba, har na fara cewa ƙila ta manta. Bara, da aka sa ranar aurena, ita ta raka ni da wanda zan aura wajen gwajin jini. Muna zaune a benci muna jiran sakamako, ina ta murza hannu, sai ta dafa gwiwata tana murmushi.

“Kwantar da hankalinki, Yaya,” ta ce. “In Allah ya yarda ba za ki haifi irina ba.”