Jamusancin da na koya a Kankia

Shekarun baya can, zamanin da kuɗin fetur ya fara shigowa har ana haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, wani kamfanin Jamusawa ya kafa sansani a bayan garin Kankia. Ni kuma na gama firamare na daɗe ina zaune a Kusada, daga gona sai gindin bishiya. Baffana ya yi mini hanya aka ɗauke ni ɓangaren gyaran injin. Ban kai ashirin ba a lokacin, amma ji nake duk ƙasar Katsina babu wayayye kamata, saboda kawai ina sa wando mai aljihu a gwiwa.

Bayan an kwana biyu sai shugaban sansanin ya ce kamfani zai tura mutum biyu Jamus su koyo gyaran famfo. Ya zaɓe ni da wani abokina. Sharaɗin shi ne mu iya harshen, kuma matarsa ce za ta riƙa koya mana bayan la'asar.

Wahalar da na sha a wurin matar nan, Allah kaɗai ya sani. Da ta fara da "nawa" da "tawa" har na raina abin. Ta ce mein Vater, ubana, meine Mutter, uwata. Na ce a raina ai mu ma haka muke yi. Sai ta ɗauko kayan cin abinci. Cokali namiji ne, mein Löffel, to na yarda. Cokali mai yatsu kuma mace, meine Gabel. Wuƙa, wadda kowa ya san mace ce, wai ita ba mace ba ce ba namiji ba, amma mein za a ce mata. In abubuwa sun yi yawa kuma a koma meine ko da duk maza ne. Abokina ya dube ni ya ce, "Mutanen nan da ke haɗa injin, su rasa gane wuƙa mace ce?"

Haka na riƙa haddace su kamar karatun allo. Duk Alhamis in zan koma gida a kan keke, tun daga Kankia nake rerawa har Kusada. Wata mai tallan nono ta taɓa kauce mini a hanya tana salati, ta ɗauka iskokai ne suka taɓa ni. Kafin damina ta faɗi na iya, har malamar tana nuna ni ga baƙi.

Saura abu ɗaya. Tun da shekaruna ba su kai ba, sai uba ko uwa sun amince da bakinsu. Mahaifina ya rasu, saura mahaifiyata. Ni kuwa ɗan farinta ne. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi: tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama inda nake, in dole ta yi mini magana sai ta ce "kai wannan". Ni ma Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta na faɗa. Don haka ban tunkare ta ba, ƙanwarta na aika ta yi mata bayani. Amsar da ta dawo ita ce, "To, Allah shi kai mu."

Da damina ta kankama aikin haƙa ya tsaya, shugabanmu da matarsa suka tafi hutu ƙasarsu. A tsakanin nan ne wani Bajamushe ya zo daga ofishinsu na Ikko don ganin iyaye, tare da tafinta, wani akawu da ya koyi Hausa a Sabon Gari. Tun a mota akawun ya gaya mini cewa a wani gari samari sun yi hayar tsofaffi a kasuwa a matsayin iyayensu, shi ya sa Baturen ba ya yarda da kowa.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu. Kakata na zaune, baffannina na zaune, maƙwabta sun cika bakin zaure. Na leƙa ɗaki na ce, "Yaya, sun iso." Na ga akawun ya ɗaga kai ya raɗa wa Baturen wani abu.

Ta fito ta durƙusa can gefe, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Baturen ya nuna ni ya yi tambaya. Ban jira tafinta ba, na gane kowace kalma, Ihr Sohn, ɗanki. Akawun ya ce, "Mama, wannan ɗanki ne?"

Ta sunkuyar da kai ƙasa. Ya sake tambaya. Can ta nuna kakata da haɓa, ta ce, "Na tsohuwa ne."

Matan da ke wurin suka yi murmushi, don a wurinsu ta yi abin da ya dace. Akawun ya juya maganar yadda ya ji ta. Na miƙe na ce, "Das ist meine Mutter!" wato wannan uwata ce. Ban yi kuskuren ko harafi ɗaya ba. Baffana ya ce, "Malam, hwaɗa mashi kunya ce, ɗan fari ne, ita ta haihe shi." Akawun ya ce to ta faɗa da bakinta mana. Aka tambaye ta karo na uku. Sai ta tashi ta shige ɗaki.

Baturen ya rufe jakarsa. Na bi motar har bakin hanya ina zuba Jamusanci, bai ko sauke gilashi ba. Kafin shugabanmu ya dawo an cike gurbina da wani daga Kaduna, abokina ya tafi ba ni. Shekara na zagayowa kamfanin ya kwashe kayansa.

Na koma gona, daga baya na buɗe rumfar facin taya a bakin titin Kankia, a nan na tsufa. Na yi shekaru ina gaishe ta daga bakin ƙofa kawai, zuciyata cike da haushi. Ko sau ɗaya ba mu tayar da maganar ba har ta rasu.

Bayan sadakar bakwai ƙanwarta ta kira ni gefe. Ta ce, "Kai, akwai abin da ba ka sani ba. Tun ran da ka aiko ni, kullum sai ta ja ni ɗaka ta ce in zama Bature in tambaye ta. In na tambaya sai ta amsa. Har ta iya hwa. Ran nan ta ga surukarta zaune, bakin ya ƙi buɗewa. Da kuka tahi ta yi kwanaki ba ta ci abinci ba."

Na ce, "Mi take cewa in kin tambaye ta?"

Ta ce, "Mi za ta ce? Ɗana ne."

Yau na manta kusan duk Jamusancin, kuma Jamus ta daɗe da fita daga raina. Mutane kan ce in ɗauka haka Allah ya rubuta, na kuma ɗauka. Amma har yanzu abin na ci na a rai, ban sami wani darasi a ciki da zan ba ku ba. Ta faɗi kalmar nan sau da yawa a cikin ɗakin da bango ɗaya ya raba da nawa, ni kuwa ban ji ko ɗaya ba.