Kiɗan da Ba Taken Kowa Ba

Gidanmu a Boɗinga gidan manoman albasa ne, ba mu gaji kiɗa ba. Shi ya sa da ƙanena ya dawo hutu daga kwaleji rataye da jita, Baba ya dube ta kamar an shigo masa da kare zaure. A wajen Baba, duk mai kiɗa maroƙi ne: ya kaɗa taken mutum, wato kiɗan da ake yi wa shi kaɗai don a zuga shi, sannan ya miƙa hannu. Ya ce ko jita ko makaranta.

Ƙanena ya roƙi a saurare shi ko sau ɗaya. Baba ya ce yayansa, Baffanmu na Shagari, shi zai yanke hukunci. Baba ya riga mu tafiya can, ni aka ɗora wa rakiyar ƙanena, na riƙe jitar a mota tsakanin buhuna kamar mai jego.

Abin da ya shirya kiɗa ne da wani Bafaranshe ya tsara a ƙarnin da ya wuce, don jita ita kaɗai, ba ganga, ba waƙa. Gajere ne, a hankali yake tafiya kamar tsohuwa ɗauke da tulu. Na ji shi ta bango har na gaji, amma gaskiya ina sonsa.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma gindin darbejiya a gidan Baffa. Ƙanena ya sunkuya, ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya dakata, ya taɓa biyu. Baba da Baffa suka ci gaba da zancen taki. A ƙarshe ya ja yatsa a kan tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago kai, gumi na zuba.

Baffa ya ce, "To, in ka ƙare gyaran tsirkiya, hwara mu jiya."

"Ai na ƙare, Baffa. Shi ke nan kiɗin."

Baffa ya dubi Baba. "Wanga taken wa na?"

"Ba taken kowa ba na," in ji ƙanena.

"Shi Bahwaranshen ba shi da ubangida? Ko sarkin noma guda bai samu ba?"

"Babu."

Baffa ya jinjina kai, ya ce wa Baba abin da ba a yi wa kowa ba ai ba roƙo ba ne. Baba ya ja carbinsa, sannan ya yi dariya, karo na farko tun zuwan jitar.

"Tahi ka yi karatunka," in ji shi. "Kiɗin da ba a san an hwara shi ba, ba ya zubda min mutunci."

Muka yi godiya, muka bar Baba wajen yayansa, muka nufi tasha. Ƙanena ya samu abin da ya zo nema, kuma ban taɓa ganin wanda ya ci nasara ya yi zuru haka ba. Sai da muka hango Boɗinga ya juyo ya tambaye ni, "Yaya, kai dai ka ji lokacin da na fara, ko?"