Taken da Bai Sata Ba

Mahaifina mai goge ne a wani ƙauyen Kurfai, kan hanyar Sanam. Shi ke yi wa 'yan bori kiɗa. Kowane iska da takensa, in mai goge ya ja taken sai iskan ya sauko ya hau mutumin da ya saba hawa, wanda ake kira dokinsa. Da wannan kiɗan aka yi mini tawai ina jariri.

Akwai wani dogon mutum mai daɗin baki da ya girma a zaurenmu yana buga wa Baba ƙwarya. Shi ma doki ne. Wata shekara ya tafi Yamai ya sayi gita, ya kwashe kaɗe-kaɗen Baba kaf ya sa musu suna bulus, sunan wani kiɗa na ƙasashen waje. Turawa suka ji suka rikice. Ya hau jirgi, ya yi tumbi, har ya faɗa a rediyo wai a mafarki ake ba shi waƙoƙin. Mafarki! Tuwon uwata ya ci ya ƙoshi ya yi mafarkin.

Wannan duk mai sauƙi ne. Da idon Baba ya soma mutuwa na raka shi asibiti a Yamai, muka biya ta gidan mutumin don mu gaisa kawai. Ya leƙo da carbi a hannu ya ce wa mai gadi: "Ban san su ba. Ni ba ni hulɗa da arna." Baba ya dafa kafaɗata muka juya, kuma daga ranar ban sake jin dariyarsa ba. Ni kuwa na ƙullaci mutumin nan. Ba zan ɓoye ba, na tsane shi har cikin ɓargona.

Ni ma gita na koya. Na bi kasakasansa na saurara tas, ba don so ba, don in san iyakar satar. A nan na lura da wani abu: duk taken Baba yana ciki, ban da guda, taken iskan da ke hawan shi mutumin. Ashe ɓarawon ma ya san abin da ya fi ƙarfinsa. Na zauna na koyi taken a kan gita har yatsuna suka yi kanta.

Ana nan sai aka shirya bikin kiɗan bulus a Filinge, a filin ƙwallo, mutumin nan ne babban baƙo. Mu samarin gari aka ba mu lokacin da rana ke da sauran zafi, kafin manya su hau. Na kawo Baba na shimfiɗa masa tabarma kusa da mata masu sayar da kopto, wato kwaɗon ganye, na ajiye gogensa a gefe cikin buhu.

Mutumin na zaune a sahun gaba tsakanin ma'aikata da Turawa, cikin farar shadda da baƙin tabarau. Na yi waƙa ɗaya ta samari, ya tafa mini da kan yatsu. Sai na sassauta tsirkiya har ta ɗauki muryar goge, na ja taken.

Ƙafarsa ce ta fara rawa. Ya danne gwiwar da hannu. Ya cire tabarau ya dube ni yana girgiza kai, alamar roƙo. Na tuna ƙofar gidan nan, na ƙara wuta. Tsofaffin matan da suka zo daga ƙauyuka suka gane kiɗan suka rangaɗa guɗa. Ya miƙe zai gudu wajen motarsa, amma bai kai ba. Ya kurma ihu, ya yi sama ya dawo da zama daɓas, ya shiga birgima, farar shadda ta koma ja. Wallahi daɗi na ji, kamar an ba ni ruwan randa a watan bazara.

Yaransa suka rugo suna cewa in tsaya. Na tsaya, amma iska in ya sauko ba ya tafiya sai an sallame shi, ni kuwa kira kaɗai na koya, da gangan. Na matso da baki ga lasifika na ce: "Mai kiɗin ga na can bisa tabarma. Ku tai ku roƙe shi."

Su da kansu suka riƙo hannun Baba har tsakiyar fili. Mutumin ya rarrafo ya rungume ƙafafunsa, wata murya mai kauri ta fito daga bakinsa: "Mai gogena! Ina kash shige? Dokin ga ya sace ma kiɗi, ya ɓoye min kai!" Duk filin an ji, kyamarorin Turawa ma sun ji.

Baba ya ja goge har mutumin ya yi atishawa ya dawo hayyacinsa, sannan ya cire mayafinsa ya rufa masa.

A bayan motar komawa gida na yi tsuru ina jiran faɗa, don na san ba a kiran iskoki saboda fushi. Da muka yi nisa sai Baba ya juyo wajena.

"Kiɗinka ya yi sauri," in ji shi.

Na ce, "Na'am, Baba?"

"Wanga take sannu a ka jan shi. Da ka bi shi a hankali, da ya kai magariba shina birgima."

Sai ya fashe da dariya, har da riƙe ciki.