Gurbin Ruwa a Manchester

Har gobe ban manta da ranar da na kusa korar kaina daga aiki da hannuna ba. Shekara goma sha biyar na yi a gandun daji a Gumel kafin na zo Manchester karatu, na samu aiki a wani kamfanin dashen itatuwa. Wata uku na gwaji suka ba ni; in na faɗi, takardar zamana ta tafi.

A watan Nuwamba aka tura mu wani fili mai dausayi a bakin kogi, mu dasa itacen oak, irin na ƙasar mai jure laima. Ka'idar ita ce a ɗan ɗaga ƙasa a dasa a kan tudu, don saiwa ta sha iska. Shugabarmu, wata Baturiya mai suna Janet, ta bar mini takardar ka'idar ta wuce Birmingham taro.

Na karanta na yi tsaki. Ni za a koya wa dashe? A Gumel duk wanda ya dasa itace bai yi masa gurbin tare ruwa ba, sai a ce bai san aiki ba. Na sa abokan aikina suka zagaye kowane dashe da gurbi mai zurfi, har ina yi musu lacca. Su kuwa, da ladabin nan nasu mai kashe mutum, sai “lovely”, wato “ya yi kyau”, suke ta cewa.

Kwana tara ana ruwa. Ranar da Janet ta dawo, dashe arba'in na tsaye a cikin ruwa, agwagi na iyo a tsakani. 

Ta ce, “Sani, wa ya haƙa rijiyoyin nan?”

Na ce, “Ni ne, ranki ya daɗe. Don kada su ji ƙishi.”

Ta dubi sama, ta dube ni. “A Manchester?”

Ta ba ni mako guda in gyara ɓarnar. Ni kaɗai na tone su, na yi musu kunya kamar ta dankali. Shida sun ruɓe, sauran suka yi, aka bar ni a aiki.

Ku sababbin zuwa, ku tambayi ƙasa kafin ku nuna mata gwaninta, kuma “lovely” ɗin Bature ba yabo ba ne. A ranar ƙarshe ta makon gyaran, ina cikin yashe ruwa yayana ya kira daga Gumel. Ya ce rijiyar gandunmu ta ƙafe, dashen bana duk ya bushe.