Gwaggo Atika, Mai Auna Kai da Tafin Hannu

Da an idar da sallar asuba, kafin kaji su gama fitowa daga akurki, Gwaggo Atika ta riga ta shimfiɗa tabarmarta a gindin darbejiyar gidansu da ke Matsinkai. Kwanon koko a dama, kwandon zaren ulu a hagu, kwarashi a hannu. Tana saƙa tana amsa gaisuwa, tana saƙa tana korar akuya, tana saƙa tana yi wa matan gidan bitar gishirin da ya yi yawa a miyar jiya. Ko sau ɗaya ba za ka ga ta dubi hannunta ba.

Yemisi, wadda kowa ke kira Maman Dare, mai sayar da zare a kasuwar Bagudo, ita ta koya mata saƙa tun suna da ƙuruciya. Ta ce rana ɗaya tak ta nuna mata yadda ake riƙe kwarashi. Da Kirsimeti ya zo, sai ga Atika da huluna na 'ya'yan Yemisi duka, har da ta Baban Dare, wai saboda sanƙonsa na ba ta tausayi.

Tun daga nan ba ta huta ba. Ungozomomin yankin sun san ƙofarta. In aka haifi bakwaini a lokacin sanyi, a nan ko a tsallaken iyaka cikin ƙasar Benin, wurinta ake aikowa, kuma kafin a yi suna hula da safa sun isa, kyauta. Akwai ƙartin maza yau masu gemu da suka fara rayuwa a cikin saƙarta.

Ba ta da tef ɗin awo, ba ta ma yarda da shi ba. In ka durƙusa gaishe ta ranar Sallah, sai ta ture hularka ta dafa kanka ta jujjuya shi kamar mai zaɓen kankana, shi ke nan an auna ka. Dokarta ɗaya ce, amma mai zafi: duk wanda ta saƙa wa abu, da shi zai zo gaisuwar Sallah. To ga shi 'yan shekarun nan Sallah a tsakiyar bazara take faɗowa. Sai ka ga magidanci ya sauko daga babur da shadda mai maiƙo, a samanta rigar sanyi ruwan ɗorawa, gumi na bin gemunsa. Ita kuwa ta dube shi ta ce, "Kai, ta yi ma kyau!" Wa zai iya cirewa?

Ke ce uwar bakwaini, Gwaggo. Ke ce kika sa muka san cewa ana iya son mutum har a dafa shi da ransa.

Abu ɗaya ne ya daɗe yana ci mata rai. Bunyaminu da ƙaninsa Ɗanmusa 'ya'yan ƙaninta ne, ita ta raine su bayan rasuwar mahaifiyarsu. Bunyaminu na noma a Bahindi, Ɗanmusa ya yi aure ya zauna a Benin. Shekarar da aka rufe iyaka aka yi suna a gidan Bunyaminu, Ɗanmusa bai zo ba. Ya ce hanya a rufe take. Bunyaminu ya ce buhun shinkafa ma ya san ta inda yake bi, balle ɗan'uwa. Daga nan magana ta mutu. Babba ya ce sai ƙarami ya fara gaishe shi, ƙarami ya ce shi aka yi wa gori. Har ziyarar Sallah suka raba, ɗaya ya zo ranar idi, ɗaya sai ya tabbatar wancan ya koma. Matan gidan sun sha ganin Gwaggo tana share hawaye da gefen zane bayan kowannensu ya tafi. Tsoronta kada ta bar duniya 'ya'yan nan ba su sake zama tabarma ɗaya ba.

Bana idonta ya fara hazo, likita ya ce ta huta. Sai ta sanar cewa ta ajiye kwarashi, kuma saƙarta ta ƙarshe huluna biyu ce, ta Bunyaminu da ta Ɗanmusa. Ta aika wa kowa tasa da saƙo: washegarin Sallah bayan azahar, rana ɗaya ce, don daga nan za a kai ta duba ido.

A nan ya kamata mai karatu ya san cewa Allah ya hore wa Bunyaminu kai. Ɗanmusa kuwa nasa ɗan madaidaici ne.

Bunyaminu ya fara isowa, 'yar hula ja ɗare a tsakiyar kansa kamar murfin buta, yana tafe wuya a sandare kada ta faɗi. Yemisi, da ta zo cin shinkafar Sallah kamar kullum, ta kawar da kai tana tari.

"Gwaggo, hulag ga ta ƙi shiga," in ji shi.

"Idona ne, ɗana, tsufa ya zo. Zamna nan gabana in ji ɗuminka."

Ya zauna. Ba a jima ba aka ji sallamar Ɗanmusa, jakar abarba a hannu ɗaya, ta garin rogo a ɗayan. Yana sunkuyawa ya shigo ƙofa, tasa hular, wata zabgegiya shuɗiya, ta zamo ta rufe shi har hanci. Ba hannun gyarawa. Ya tsaya tsakar gida yana jujjuya kai.

"Gwaggo, ina kike? Ban gani!"

"Taho, ga ni. Yi dama kaɗan, akwai turmi. Yawwa. Ƙara matsowa. To, durƙusa."

Ya zube gwiwa biyu, ya ce abin da ake cewa ranar Sallah: "Barkanmu da Sallah. Abin da munka yi ba daidai ba, a yahe muna."

Ashe a gaban yayansa ya durƙusa, Gwaggo na zaune a baya tana gyara ɗankwali. Bunyaminu ya so ya ɗaure fuska, amma ya dubi wannan buhu mai magana da ke gabansa, dariya ta kuɓuce masa, 'yar hularsa ta yi tsalle ta faɗa cinyarsa. Yana dariyar sai ga hawaye. Ya sa hannu ya zare shuɗiyar daga kan ƙaninsa.

"Na yahe, Ɗanmusa. Ni ma ka yahe mani, ni na babba, ni ya kamata in biyo ka."

Ya ɗora shuɗiyar a kansa, ta zauna daram. Ya ɗauki jar ya sa wa ƙaninsa da hannunsa, ita ma ta zauna.

Yemisi ta ce, "Atika, ke da kike auna kawunan nan tun suna tsumma, yau kika yi kuskure?"

"Maman Dare, shinkafarki na hucewa," in ji Gwaggo.

Ke ce mai awo da tafin hannu, Gwaggo, kin san girman kan kowa, kin kuma san taurinsa. Abin da dattawan gida suka kasa da dogon wa'azi, ke kin gama shi da ƙulli biyu na zare. Mun gode da gumin da kika sa muka yi. Mun gode a madadin jariran da ba su san sunanki ba. Allah ya ba idonki lafiya, ya bar mana ke.

Ku kuma masu karatu, ba dole sai kun iya saƙa ba. Duk mai ɗan'uwan da ya daina gaisawa da shi, ya sa takalminsa ya je, kada ya jira sai hula ta rufe masa ido.

Maganar ajiye kwarashi kuwa, kada wanda ya yi saurin ajiye rigar sanyinsa. Da za su tafi ranar, Gwaggo ta miƙa wa kowannensu ƙunshin safa, ta ce da su za a zo Babbar Sallah. Sai da kowa ya isa gida ya kwance ƙunshinsa, ya tarar ƙafa ɗaya ja, ɗaya shuɗiya. Makon jiya an ga Bunyaminu a bayan babur ya nufi iyaka wurin ƙaninsa, jar safa na leƙowa daga aljihunsa.